In wuta ta ɗauke yara suna can sama, me zai riƙe su?

Tambaya daga wani Alhaji ɗan kasuwa a nan Maraɗi: «In Allah ya yarda zan tafi Umra da iyali, mu biyo ta Dubai don sayayya. Yara sun matsa mini sai sun hau jirgin nan mai hawa sama ya kife da mutane. Ni kuwa na ga bidiyon lilon da ya karye a Ɗa'if, hankalina bai kwanta ba. Me ke riƙe mutum in an kife shi? In wuta ta ɗauke suna sama fa? In bar su, ko in hana?»

Alhaji, Allah shi kai ku lafiya, shi karɓi ibada. Tambayarka ta faɗo gidana, don shekara tara na yi ina aikin duba da gyaran irin waɗannan na'urori a wani wurin wasa a ƙasar Larabawa, kafin in dawo gida in buɗe garejin walda. Har gobe kuma babu abin hawan da nake ƙauna kamarsu. Amsata ita ce ka bar su su hau, matuƙar wurin babba ne mai tsari kuma yaran sun kai tsawon da aka gindaya. Sai dai ba na so ka yarda don na faɗa kawai. Na fi so ka san yadda abin ke aiki, saboda wurin da kake jin tsoro ba nan gizo ke saƙa ba.

Turawan Ingila suna ce masa rola kosta, Faransawa kuma duwatsun Rasha, ni dai jirgin gangare nake kiransa. Sunan Faransawa yana da asali. A ƙarni na 17 mutanen Rasha sukan gina tudu da katako, su zuba masa ruwa ya daskare, su riƙa sulalowa a kai. A 1817 aka yi irinsa a Faris, aka sa masa tayoyi maimakon ƙanƙara. A Amurka kuwa daga aikin haƙar gawayi ya fito: wani layin dogo da aka shimfiɗa a 1827 a jihar Fensilbeniya don gangaro da gawayi daga kan dutse, daga baya mutane suka fara biyan kuɗi a gangaro da su. Wanda LaMarcus Thompson ya buɗe a Coney Island ta Niyok a 1884, gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba, wato mai keke ma zai wuce shi, amma mutane layi suke yi.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe: jirgin nan ba shi da inji. Babu moto a cikinsa, babu direba, babu sitiyari, yawanci ko birki babu a jikinsa. Ka tuna amalanke in an ɗora mata kaya ta nufi gangaren gulbi, yadda mai ita ke ja da baya da dukkan ƙarfinsa don kada ta kwace. Abin da ke jan amalanken nan shi ne ke tafiyar da jirgin tun daga sama har tasha. A yawancinsu babban aikin wuta guda ne: ta juya wata kaca mai kauri, irin ta keke amma kamar cinyar mutum, ta ja taragon zuwa ƙololuwar tudun farko. Daga nan kaca ta sake shi, nauyinsa ya karɓi aiki. Lissafin ma ba boyayye ba ne. Gangaren mita 20 yana ba da gudun kusan kilomita 70 a awa, na mita 40 kusan 100, na mita 80 kusan 140. Sai ka ninka tsawo sau huɗu kafin gudu ya ninka sau biyu. Kuma da yake iska da gogar taya suna rage masa ƙarfi a hanya, duk tudun da ke gaba dole ya gaza na farko. In ka tsaya daga nesa ka dubi ginin za ka ga haka da idonka.

To, a ce wuta ta ɗauke. Mu a nan mun san ɗaukewar wuta ciki da bai, don haka tambayar ta dace. Hali biyu ne. Ko dai jirgin yana kan hawa, ko ya riga ya gangara.

In yana kan hawa, kaca ta tsaya, shi ma ya tsaya cak. Ba zai sulalo baya ba. Duk wanda ya taɓa hawa ya san ƙarar nan ta taƙ-taƙ-taƙ da ake ji lokacin hawa. Mutane da yawa suna zaton kaca ce ke kuka, alhali wata ƙugiyar ƙarfe ce a ƙarƙashin tarago take tsallake haƙoran wani dogon ƙarfe mai kama da zarto da aka shimfiɗa tun daga ƙasa har sama. Gaba tana wucewa, baya kuwa sai ta cije. Ba ta buƙatar wuta, ba ta buƙatar umarnin kowa. Mutane za su zauna a wurin, ma'aikata su hau ta matakalar da ke gefen dogo, ko dai a tada janareta a ƙarasa da su, ko a sauko da su ɗaya bayan ɗaya. Na yi wannan aikin da hannuna ba sau ɗaya ba. Akwai tsoro, akwai zafin rana, akwai yaro mai kuka, amma babu wanda ya faɗo.

In kuwa ya riga ya gangara, ɗaukewar wuta ba ta shafe shi ba sam, tunda dama ba da ita yake tafiya ba. Zai ci gaba da tafiya har ya iso wurin birkin da ke gabansa. Birkin a kan dogo yake, kuma an ƙera shi ne ta yadda zamansa na asali a rufe yake: umarni ake ba shi ya buɗe, in umarni ya yanke sai ya kama. Kai da ke da manyan motoci a hanyar Kwanni da Damagaram ka san wannan dabarar, tirela in iskarta ta zube birki ne ke cijewa, ta ƙi motsi. Jiragen zamani suna da wani birkin da ya fi wannan burge ni, na maganaɗisu. Faranti ne na jan ƙarfe ko makamancinsa yake ratsa tsakanin jerin maganaɗisu masu ƙarfi. Ba su taɓa juna, babu abin da ke gogewa, amma gudun kansa ne ke haifar da ƙarfin da ke riƙe shi, kuma gwargwadon gudu gwargwadon riƙo. In ka samu maganaɗisu mai ƙarfi ka sake shi cikin bututun jan ƙarfe, za ka ga yana sauka a hankali kamar an ɗaure shi da zare. Na sha nuna wa yaran garejina wannan, kullum sai sun ce a sake. Irin birkin nan ba ya tsayar da jirgi gaba ɗaya, rage gudu yake, sai na gogewa ya ƙarasa. Amma ko duniya duka wuta ta ɗauke, maganaɗisu yana nan da ƙarfinsa.

Sai batun tashi daga kan dogo. Jirgin ƙasa irin wanda ake shimfiɗa wa layi daga Kano zuwa nan Maraɗi zaune kawai yake a kan dogo, nauyinsa da leɓen taya ke riƙe shi. Jirgin gangare kuwa rungume dogon yake ta fuska uku: taya a sama mai ɗaukar nauyi, taya a gefe mai hana shi zamewa a kwana, taya a ƙarƙashi mai hana shi tashi. Wannan ta ƙarƙashin John Miller ne ya yi mata rajista a 1919, kuma ita ce ta buɗe ƙofar duk abin da ya biyo baya. Kafin ita, sau da yawa akan sa mai birki a cikin jirgi yana rage gudu a kan tudu don kada tarago ya yi tsalle.

Kifewar da ta fi tada maka hankali ita ce ta fi sauƙin bayani. Ɗauki bokiti da ruwa rabi, ka wulwula shi da sauri ta saman kanka. Ruwan ba zai zubo ba. Haka dutse yake zama cikin majajjawa har sai an saki igiya. Mutumin da ke cikin da'irar jirgi, lokacin da kansa ke ƙasa ƙafarsa ke sama, ba rataye yake jin kansa ba, manne yake da kujera. Wahalar da maƙera suka sha ma ba ta faɗowa ba ce, ta yawan dannawa ce. A 1895 an gina wani mai da'ira zagayayya kamar faifai a Coney Island, mutane suka riƙa saukowa da ciwon wuya, don a gindin da'irar nauyin jiki yakan ninka har sau goma sha biyu. Aka watsar da dabarar shekaru da yawa. Sai a 1976 wani injiniya Bajamushe, Werner Stengel, tare da maƙerin Anton Schwarzkopf, suka fito da siffar da ake amfani da ita yau a jirgin Revolution da ke Kalifoniya: kamar ƙwai a tsaye, faɗi a ƙasa, tsukakke a sama. Da haka nauyi ke shigowa a hankali, ya tsaya wajen ninki uku zuwa huɗu, na ɗan daƙiƙoƙi. Mai kilo 70 zai ji kamar ya kai 280, sannan ya wuce. Bayan wannan duka akwai ƙarfen da ke danne cinya ko kafaɗa. Kullensa ba ɗaya ba ne, in ɗaya ya saki akwai na biyu, kuma shi ma buɗe shi ne ke buƙatar aiki, ba rufewa ba. An taɓa samun na'ura ta maƙale da mutane a kife, labari ne da ba ya yawan faruwa, kuma abin da ya riƙe su har aka sauko da su shi ne wannan ƙarfen.

Yanzu bari in kai ka inda ni nake jin tsoro.

A manyan jirage akan saki tarago fiye da ɗaya a lokaci guda. Don kada su haɗu, an yanka dogon gida-gida, kowane gida da birkinsa a ƙarshe, kwamfuta kuma ba ta barin tarago ya shiga gida sai na gabansa ya fita. Ranar 2 ga Yuni 2015, a wurin wasa na Alton Towers a Ingila, an saki tarago babu kowa a jirgin Smiler, iska ta rage masa gudu ya tsaya a wani kwari a tsakiyar hanya. Kwamfuta ta gane, ta tsayar da na bayansa mai ɗauke da mutum 16 a kan tudu. Ta yi aikinta daidai. Ma'aikata suka ɗauka kuskure ne na na'ura, suka ba ta umarni da hannu ta saki. Taragon ya je ya daki wanda ke tsaye, ƴan mata biyu suka rasa ƙafa ɗaya ɗaya, kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5 a 2016. Duk ma'aikacin da ya shigo hannuna sai na ba shi wannan labarin a makonsa na farko, don ya san in na'ura ta ce tsaya, sai ka taka da ƙafarka ka je ka ga dalili kafin ka taɓa maɓalli.

Na Ɗa'if da ka gani, na watan Yulin 2025, ba jirgin gangare ba ne. Lilo ne mai dogon hannu da ke kaɗa wani faifai cike da mutane, hannun ya karye, fiye da mutum 20 suka ji rauni. Allah shi kiyaye gaba. A irin waɗannan na'urori babban abokin gabanmu shi ne gajiyar ƙarfe. Ɗauki waya ka lanƙwasa gaba da baya, sau biyar ba komai, sau talatin ta tsinke a hannunka. Ƙarfen da ke ɗaukar nauyi yana saukewa sau dubbai a wata haka yake, tsaga ce ke farawa siririya kamar gashi, galibi a bakin walda ko ramin ƙusa, tana ci a ɓoye har ranar da abin da ya rage ya gaza. Shi ya sa aikinmu tun kafin fitowar rana yake farawa. Mu bi dogo da ƙafa, mu duba ƙusoshi da noti, mu taɓa kowace taya, mu gwada kowane kulle, mu saki jirgi babu kowa sau da yawa kafin a buɗe ƙofa. Lokaci lokaci a wargaza tarago gaba ɗaya, a shafa wa ƙarfe wani jan ruwa mai shiga tsaga ya tona ta, ko a bi shi da na'urar sauti mai gano abin da ido ba ya gani. Turai tana da ƙa'idar EN 13814, Amurka tana da ta ASTM, kuma akwai masu bincike daga waje irin TÜV na Jamus da ba sa cin albashin mai wurin. Manyan wuraren Dubai da Abu Dabi da irin wannan tsarin suke aiki, da na'urorin sanannun maƙera kamar Intamin da Mack. Wannan Mack ɗin, abin sha'awa, tun 1780 suke, kuma da ƙera amalanke da keken doki suka fara.

Saboda haka, Alhaji, hankalina ya fi kwanciya da yaranka a kan jirgi mai mita 50 a can, fiye da ƙaramin lilo ko majaujawar da ake kafawa dare ɗaya lokacin Sallah a garuruwanmu, a kwashe bayan kwana uku. Ba ina cewa a hana yara ba, ni ma nawa nake kaiwa. Amma nakan zagaya abin tukuna. Wata Sallah na tarar an cire fil ɗin da ke riƙe kujerar lilo an sa ƙusar kafinta an lanƙwasa bakinta, yara shida suna kai. Na yi wa mai shi magana cikin mutunci, na koma gareji na kawo masa fil na gaskiya, ya karɓa ya yi godiya. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne da rashin mai dubawa. Kai ma kana iya duba abin da nake dubawa. Ƙafafun na'urar a kan me suke zaune, katako mai faɗi a ƙasa mai tauri, ko bulo a kan rairayi? Akwai sabon fenti a wuri guda kawai, a bakin walda? Wannan sau da yawa rufin asiri ne. Wayar janareta a tuɓe take a inda yara ke takawa? Akwai shinge tsakanin abin da ke juyawa da masu kallo? Mai kunnawa idonsa na kan yara ko na kan salularsa? Gidan iskan nan da yara ke tsalle a ciki kuma, in ba a kafe shi da turaku ba, ko ka ga hadari ya taso da guguwar farkon damina, fitar da ɗanka nan take, don iska na ɗaga shi da yaran da ke ciki.

Can ma akwai naka aikin. Sandar awon tsawo da ke bakin ƙofa ba ado ba ce. Manyan jirage sukan nemi mita 1.3 ko 1.4, domin ƙarfen kujera an auna shi ne da jikin da ya kai haka, yaron da bai kai ba zai iya zamewa ta ƙarƙashi. Kada a roƙi ma'aikaci, kada a sa wa yaro takalmi mai tudu. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai juna biyu, mai ciwon baya ko wuya, wanda aka yi wa aiki kwanan nan, duk su zauna a ƙasa su riƙe kaya. Hula da salula da makulli a bar su a akwatin ajiya, don salular da ta kuɓuce a gudun kilomita 100 dutse ce ga na baya. Babbar riga a ajiye ta a masauki ranar. Su Hajiya da ƴan mata su sa hijabi gajere ko su cusa bakin mayafi cikin riga, musamman a ƙananan motocin tsere inda inji ke bayan kujera. Kuma kada a hau da cikakken ciki.

Tunda na gama da tsoro, bar ni in faɗi abin da ya sa nake son su. Abu Dabi ba ta da nisa da Dubai, tafiyar awa ɗaya da ɗoriya ce a mota. A can, a Ferrari World, akwai Formula Rossa da aka buɗe a 2010. Shi ba kaca ke jansa ba, harba shi ake yi daga tsaye, ya kai kilomita 240 a awa cikin daƙiƙa biyar ba cika ba, har sai an ba kowa tabarau saboda ƙura da ƙwari. Shekaru da yawa shi ne mafi gudu a duniya. Saudiyya kuma ta gina Falcon's Flight a Ƙiddiya kusa da Riyad, wanda aka tsara ya kai 250, da dogo fiye da kilomita huɗu yana faɗowa daga kan dutse. Amma in ka tambaye ni, gudu ba shi ne daɗin ba. Kingda Ka na Amurka, mai mita 139, shekaru yana riƙe da kambun tsawo tun 2005, an rushe shi a 2025, alhali Cyclone na katako da aka gina a 1927 yana nan yana ɗaukar mutane a Coney Island. Abin da masu son abin ke nema shi ne ɗan lokacin nan da tarago ke haye ƙaramin tudu da gudu, jikinka ya tashi daga kujera, cikinka ya yi sama, ka ji ba ka da nauyi ko na kilo ɗaya. Daƙiƙa biyu ne ko uku. Na hau sau ɗaruruwa, har yau in na zo wurin sai na yi kabbara ban sani ba.

Kada ka fara su da babba. Ku shiga da safe kafin layi ya yi tsawo, su fara da ƙaramin jirgin iyali wanda ba ya kifewa, ka tsaya a bakin fita ka dubi fuskokinsu. Wanda ya sauko yana dariya yana cewa a koma, ka ƙara masa mataki. Wanda ya yi tsit, bar shi, kada ƴan'uwansa su yi masa gori, akwai abubuwan kallo da yawa da ba sai an hau ba. A hawan farko su zauna tsakiyar jirgi, nan ne ya fi laushi. Kujerar gaba ta mai son gani ce, babu komai tsakaninsa da sarari. Ta baya kuwa ita ke shan fizga, don kafin ta iso ƙololuwa sauran taragon sun riga sun ja ta da gudu. A ce musu su jingina kai da kujera, su buɗe ido su bi dogo da kallo, hakan na rage jiri. In kuma lafiyarka ƙalau ce, likita bai hana ka ba, hau na iyalin nan tare da ƙaramin cikinsu, ka ba shi hannunka ya riƙe lokacin da taƙ-taƙ-taƙ ta fara.